Auren da Lonzo Ya Ɗaura wa Bishiyoyin Surukarsa

A garinmu, nan bakin kogin San Saba a jihar Texas, ba wanda ya taɓa tambayar Lonzo Tackett ra'ayinsa a kan fikan, wato ɗan itacen nan mai ɓawo da ake fasawa a ci ƙwayarsa kamar gyaɗa. Wannan bai hana mu saninsa ba. Daga Lubbock ya zo, inda in ka ga inuwa to ta turken lantarki ce, ya auri Nadine 'yar gidan Brehmer, kuma tun kafin kek ɗin biki ya ƙare ya gano cewa mutanen da suka tashi suna cin fikan tun kakanninsu ba su san fikan ba.

Fadamar Brehmer tana hannun surukarsa, Misis Ottilie, wadda kowa ke kira Oma Tillie. Bishiyoyin da ke ciki ba wanda ya shuka su, kurege da ambaliya ne suka yi aikin tun ba a kafa garin ba. Su ne muke kira ɗan fadama. 'Ya'yansu ƙanana ne, ɓawon kamar dutse, amma man da ke ciki yakan jiƙa takarda, kuma kowace bishiya da irin ɗanɗanonta. Ba a ba su ruwa, ba a yi musu feshi, shanu na kiwo a ƙarƙashinsu. Ɗaya irin kuwa shi ne ɗan aure, wanda ake yanko reshen zaɓaɓɓiyar bishiya a ɗaura wa wata. Shi wannan ya kai babban yatsa, ɓawonsa kamar takarda, ka matse biyu a tafin hannu su fashe. Irinsa ne a gonar Alvin Stolle a ƙetaren kogi, layi-layi kamar sojoji, Alvin kuma yana bin su da tankin feshi daga bazara har kaka kamar mai jinya.

Wata Lahadi, ana cin abincin rana a gidan Oma, Lonzo ya ture farantinsa ya gyara zama.

"Oma, fadamar nan taki arziki ce aka bar wa kurege."

"Kurege bai taɓa kawo mini ƙara ba."

"Ki ba ni ita. In sare kawunan tsofaffin nan, in ɗaura musu aure da babban iri. Nan da 'yan shekaru sai an zo daga Dallas kallo. Fikan ɗaya zai cika bakin mutum."

"Naka ma?" in ji Nadine.

Bai ji ba. Lonzo ba ya ji in yana magana, kuma kusan kullum yana magana. Ya zana layuka a kan tebur da cokali mai yatsu, ya gina rumbun ajiya kusa da kwanon dankali, ya kafa allo mai sunansa a bakin hanya. Oma ta bar shi har ya kai ga sayen babbar mota ta biyu.

"To, ji nan, surukina," ta ce. "Na ba ka kusurwar da kogi ya lanƙwasa, da bishiyoyin da ke cikinta. Yi musu abin da ka ga dama. Ranar da suka haihu, ka tara mutane ka girgiza su a gabana. In abin da ya zubo ya fi nawa girma, fadamar duka taka ce, ka sare ta har ƙasa in kana so. In bai fi ba, zarton injin da zan ara maka ya dawo sitona, kai kuma ka daina maganar fikan a teburina har in mutu."

"Mama, ki ƙara da nawa teburin," in ji Nadine.

Labari ya kai shagon shan kofi kafin a wanke kwanuka, kuma bai yi wa kowa daɗi ba. Oma ba ta warware magana, ko da ta faɗa cikin barci. Sharaɗin kuwa mai sauƙi ne har ya yi yawa, domin duk wanda ya iya riƙe wuƙa zai iya ɗaura aure ya sami babban fikan. Rabin kek ɗin da ake ci a garin nan daga fadamar yake fitowa. Fasto da kansa ya je ya tambaye ta ko ta yi tunani.

"Na yi," in ji ta. "Na taɓa ganin yadda yake kafa ƙusa."

Alvin Stolle mutum ne marar hayaniya, kuma da ya ji, sai ya tare Lonzo a bakin gidan waya ya ce masa ya zo ya ɗebi rassan aure kyauta, zai nuna masa inda ake yanka da yadda ake ajiyewa. Da ya tsaya a kan kyautar, da an rabu lafiya. Nunawar ce ta ɓata ciniki.

"Alvin, na gode, amma ni ba ɗan koyo ba ne. Na karanta littafi guda a kan abin nan."

"Har ƙarshe?"

"Har inda ya fara maimaita abin da na sani."

Saboda haka wata Lahadi cikin sanyi, Alvin yana coci yana rera waƙa, Lonzo ya ƙetare kogi da almakashi da buhu, ya nufi bishiyar da ta fi kowace suna a gonar. Rassanta na kirki suna can sama, sai da tsani. Amma a gindinta, daidai ƙugun mutum, ga wasu tsirrai miƙaƙƙu, masu ƙiba, sumul kamar sandunan ganga. Lonzo ya yi mamakin yadda mutane ke wahalar hawa sama alhali ga abu a hannu. Ya yanke su kaf.

Duk wanda ya taɓa ɗaura wa bishiya aure ya san cewa daga mahaɗa zuwa sama ne sabon iri. Daga mahaɗa zuwa ƙasa tsohon gindi ne, ɗan fadama, kuma ba don kyan 'ya'yansa aka zaɓe shi ba, don taurin saiwarsa ne. Wannan bayani yana cikin littafin Lonzo, ɗan gaba kaɗan da inda ya tsaya.

Ran Litinin Alvin ya shigo shagon kofi, ya rataye hularsa, ya zauna.

"Wani bawan Allah ya share mini gindin babbar bishiya jiya," ya ce. "Tun bara nake cewa zan yi, bayana ya hana. Har sawun takalmi ya bar mini, irin mai tsinin nan na mutanen Lubbock."

Wani ya ajiye kofinsa a hankali. A garinmu ba a gaya wa babban mutum ya yi kuskure, rashin ladabi ne. Abin da ake yi shi ne a nemi wurin zama mai kyau.

Rassan suna bukatar sanyi har bazara, don haka Lonzo ya kwashe naman barewar da ke cikin firjin Nadine ya jera sandunansa. Naman ya koma baranda, karnukan unguwa suka gode. Da ganye ya fara tsirowa, ya shiga kusurwar da zarton inji. Kafin la'asar bishiyoyin da suka girmi kakan Nadine sun koma kamar hannuwan da aka yanke wa yatsu. Ya tsaga ɓawo, ya cusa sandunansa, ya naɗe kowane kututture da takardar alminiyom, ya rufe da leda. Daga kan hanya wurin ya yi kama da an baza ragowar abincin biki a sama.

Oma ta zo da sandarta ta tsaya ta duba.

"Waccan ta gefen ruwa," ta ce, "da 'ya'yanta aka yi kek ɗin aurena."

"Za ta yi wanda ya fi shi, Oma."

"Ba na shirin wani auren."

Abin da littafin bai faɗa ba, ko ya faɗa a gaba, shi ne a fitar da shanu. Shanun Oma suka ga leda tana kaɗawa daidai tsayin baki, suka ɗauka sabon abinci ne gwamnati ta kawo. Bijiminta, wani ƙato mai suna Kaiser, ya ci rabon mutum uku, ya kwanta yana nishi. Aka kira likitan dabbobi, ya zo ya sa doguwar safar hannu har kafaɗa, ya ce wani ya riƙe jela.

"Ni na saba da shanu," in ji Lonzo. "A Lubbock da hannu ɗaya nake kayar da su."

"To yi amfani da biyu yau," in ji likita, "kuma kada ka tsaya daidai baya."

Ya tsaya daidai baya. Nadine ba ta bar shi ya shiga gida ba sai da ta wanke shi da tiyo a tsakar gida, tufafin kuma ta ƙone su.

Abin haushi, auren ya kama. Kusan duka suka tsiro, domin ɗan fadama ko a kan turken shinge ka ɗaura shi sai ya gwada. Lonzo ya sayi sabuwar hula. Ya fara tsayar da mutane a layin banki yana nuna musu tsawon tsiro da hannu, kuma hannun na ƙara buɗewa daga mutum zuwa mutum.

Daga nan aka shiga reno. Ya karanta a jikin buhun taki adadin da ake zubawa, ya ce wannan na matsorata ne, ya ninka. Ciyawar kusurwar ta ƙone ƙurmus, kifayen da ke lanƙwasar kogi suka yi ƙaura. Ya aro tankin feshi ya fita ranar da ake iska, bishiyoyin ba su sami ko ɗigo ba, amma zannuwan gadon Nadine da ke kan igiya sun tsira daga kowane irin ƙwaro har abada.

"Lonzo, me ya sa matashina ke warin gonar Alvin?"

"Warin ci gaba ne, masoyiya."

"To ka kwana da shi a mota."

Sai maganar hankaki. Bishiyoyin ba su haifi ko ƙwaya ɗaya ba tukuna, amma Lonzo ya ce gara a koya wa hankaki tsoro tun suna ƙanana. Ya sayo igwar gas, irin wadda ke tashi da kanta lokaci-lokaci, ya kafa ta a bakin shinge. Bayan shingen maƙabartar gari ce. Ranar da aka kai tsohon mai aski, Fasto ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru don girmama mamaci, igwa ta amsa. Tsofaffin sojojin da ke riƙe da tuta suka zube rub da ciki a cikin furanni, Fasto ya tsallake rabin addu'ar, matar mamacin kuma ta ce ko ba komai wannan ne karo na farko da aka yi wa mijinta wani abu da ƙarfi. Hankakin kuwa, da suka gane bututun yana da ɗumi, a kansa suke shan hantsi.

Haka shekaru suka shuɗe, bishiyoyin suka mayar da kai, suka yi ganye luf. Sai aka yi wata damina mai ruwa da zafi, irin wadda ke kawo cutar da muke kira ƙazuwar fikan. Gonar Alvin ta kamu, 'ya'yan suka fara baƙi suna zubowa tun ɗanyu, Alvin ya rame a kan tarakta yana feshi. Fadamar Oma ba abin da ya same ta, kamar kullum. Kusurwar Lonzo ma haka, ko tabo babu. A shekarar ne kuma ta yi fure ta ɗaura 'ya'ya.

Lonzo ya shigo shagon kofi da ganye a aljihun riga, ya shimfiɗa shi a gaban Alvin.

"Dubi nan. Iri ɗaya da naka, ka ga tabo?"

Alvin ya juya ganyen, ya duba bayansa. "Babu."

"Hannu ne, Alvin. Wani ana haifarsa da shi. In ka sami lokaci ka zo in nuna maka, ba zan karɓi komai ba."

"Abin mamaki," in ji Alvin. "Kamar dai na surukarka suke, ba su san cuta ba."

"Ai sun fi nata."

"Za mu zo mu gani."

Mai shagon ta shige kicin da sauri, muka ji tana tari.

Lonzo bai jira ya ga girman 'ya'yan ba. Ya manna sanarwa a gidan waya da shagon aski da ƙofar coci, ya sa ranar Asabar cikin Nuwamba, ya yi hayar injin girgiza bishiya, ya gayyaci mai jaridar gundumarmu ya zo da kyamara. Sai da kaka ta shigo, kwanson waje ya fara tsagewa, sannan ya ɗauki tsani ya hau ya leƙa. Ya daɗe a sama. Nadine tana ƙasa tana riƙe da tsanin.

"Yaya?"

"Suna nan lafiya."

"Jefo ɗaya in gani."

Ya jefo. Ta neme shi a ciyawa ba ta samu ba, sai da ta durƙusa.

"Lonzo, wannan fikan ne ko abin da akuya ta bari?"

"Haihuwar fari ce. Kuma irin wannan daga ciki yake girma."

"In ya girma daga ciki ina zai je?"

"Ke ba ki karanta littafin ba."

"Mu biyu ke nan."

Mai hankali a nan zai cire sanarwa ya ce ya kamu da mura. Lonzo ya ce da Nadine zai je duba tayar mota, ya tuƙa har Waco, inda yake ganin ba wanda ya san fuskarsa, ya cika bayan mota da buhunan ɗan aure mafi girma da ya samu. Ran Asabar da safe, kafin mutane su gama karin kumallo, ya shiga kusurwar yana watsa su da hannu biyu kamar mai shuka alkama, yana yi yana waige.

Jama'a ta zo. An zo da kujerun naɗewa da butocin kofi, wasu har da kek, domin an daɗe ana jiran ranar. Mai jarida ya kafa kyamara. Alvin ya zauna a gaba, hannu a harɗe. Aka ajiye wa Oma kujera a tsakiya, ta zauna da sandarta a kan cinya. Doña Chelo Ybarra ma ta zo da matan da suke tsintar fikan tare, kowace da bokitinta. Su ne ke tsince fadamar kowace kaka a kan rabi, rabi na mai ƙasa rabi na mai tsinta, kuma in aka sare ta su ne za su fara ji a jikinsu.

Lonzo ya hau bayan motarsa ya cire hula.

"Jama'a, kafin ma a kunna inji, ku dubi ƙasa. Sun yi nauyi har sun fara zubowa da kansu."

Aka duba. Ga su nan kuwa, manya-manya, tsaf-tsaf, kamar an yi musu wanka. Doña Chelo ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Don Lonzo, ina kwanson?"

"Wane kwanso?"

"Na waje, baƙin nan. Fikan in ya faɗo da kansa, rigarsa tana kusa."

"Wannan irin tsirara yake zuwa. Shi ne ci gaban."

"Allah mai iko," in ji ta, ta ci gaba da tafiya tana bin sahun 'ya'yan da ido. Ta wuce bishiya ta farko, ta wuce ta biyu, ta tsaya a ƙarƙashin wata a bakin shinge, inda suka fi yawa. Ta ɗaga kai sama, ta daɗe tana kallo.

"Oma, ki zo ki ga wani abu."

Oma ta tashi, jama'a suka bi ta da kofuna a hannu. Ashe ba fikan ba ce sam, wata tsohuwar bishiya ce da ake kira ok. Ganye ya zube a ko'ina, kuma ga mutumin Lubbock da ke sauri, gindi gindi ne.

Oma ta zunguri tarin fikan ɗin da sanda.

"Surukina, na raina ka. Tun ina yarinya bishiyar nan ba ta taɓa ba ni komai ba sai abincin alade. Yau ga ta da fikan."

"Iska ce ta kwaso su," in ji Lonzo.

"Ta tara su wuri ɗaya?"

"Iskar nan wurin haka take."

"To. Tunda waɗannan iska ta taɓa su, a bar su. Ni na ce a girgiza a gabana. A kunna inji."

Lonzo ya ce bishiyoyin suna da laushi, injin zai ɓata musu rai. Ya ce man injin ma kamar bai isa ba. Mai injin ya ce ya cika tanki da safe, kuma an biya shi ya girgiza, girgizawa zai yi. Ya maƙale gindin bishiyar gefen ruwa da hannun ƙarfe, ya taka.

Abin da ya zubo ya zubo da yawa, wannan dole a ba Lonzo. Kamar ƙanƙara aka yi. Suna bugun rufin mota suna tsalle, suna faɗawa cikin kofuna, suna shiga wuyan riga. Mai jarida ya rufe kyamararsa da hula. Da ƙura ta lafa, ƙasa ta rufe da wasu 'yan ƙwayoyi baƙi-baƙi masu tsini, waɗanda in an jera uku ba su kai ɗaya daga cikin na Waco ba. Oma ta ciro fikan ɗin fadamarta daga aljihun rigar sanyi, ta ajiye shi kusa da ɗaya a tafin hannunta. Nata ya yi kama da uba.

"Girma ba a ido yake ba," in ji Lonzo. "Ku dubi ɓawon. Takarda ce. Ku gani."

Ya ɗebi biyu ya matse a tafin hannu. Ya ƙara da hannu na biyu. Ya sa su tsakanin gwiwoyi. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta miƙe, jama'a suna kallo cikin natsuwa kamar a coci. Da ya buɗe hannu, fikan ɗin suna nan yadda Allah ya yi su, tafin ne ya sami ramuka biyu.

"Sanyi ne ya ɗaure su," ya ce, ya jefa ɗaya a baki.

"Lonzo, kar ka..." in ji Nadine.

Ƙarar da aka ji ba ta fikan ba ce. Ya tofar a hannu, ya duba, ya sa rabin haƙorin a aljihu.

Alvin ya tashi ya tsinci ɗaya, ya riƙe shi ga haske kamar mai gaida tsohon sani.

"Na san wannan," ya ce. "Gindin babbar bishiyata ne. Mahaifina ya zaɓe shi saboda ko fari ko ambaliya ba sa kashe shi. Ya ce 'ya'yansa kuwa, kurege ya taɓa gwadawa ya bar garin."

"Daga babbar bishiyarka na yanko," in ji Lonzo, yana magana ta gefen baki. Sai ya ji abin da ya faɗa.

"Na sani. Daga ƙasa. Ban sami damar yi maka godiya ba."

Lonzo ya dubi Alvin, ya dubi mai shagon kofi, ya dubi Fasto, wanda ya sami wani abin sha'awa a cikin kofinsa.

"Duk kun sani?"

"Ba mu so mu katse ka ba," in ji Fasto. "Kana ta magana."

Oma ta koma kujerarta ta zauna.

"Bari in ga ko na fahimta," ta ce. "Ka sare ɗan fadama mai daɗi, ka ɗaura masa ɗan fadama marar daɗi, ka kusa kashe mini bijimi, ka harbi jana'iza, duk don ka samo fikan da ya fi nawa ƙanƙanta. Ban san ana iyawa ba. Nadine, zarton yana ina?"

"Yana bayan mota, Mama. Tun jiya na sa shi."

"Madalla. Chelo, ran Litinin ku fara daga saman fadama kamar kullum. Manyan nan na ƙarƙashin ok kuwa, a ƙasata suka faɗo, ku tsince su yanzu a kan rabi. Nawa rabin a kai coci a sayar wa masu wucewa daga birni, su da ido suke ci."

"Oma, ai waɗannan ni na..." Lonzo ya tsaya.

"Kai ka me, surukina?"

"Ba komai."

"Na zaci haka."

Matan suka bazu da bokitai, cikin ɗan lokaci na Waco suka ƙare. Ƙananan ba wadda ta taɓa. Doña Chelo ta ce ita bayanta ɗaya ne, ba za ta kashe shi a kan tsakuwa ba, ko da duka za a bar mata. Oma ta ce ba za a bar su shanu su karya haƙori ba, wanda ya girgiza shi zai tsince. Aka miƙa wa Lonzo bokiti.

Mutane suka naɗe kujeru, aka raba sauran kek. Mai jarida ya tambaya ko ya ɗauki hoto, Nadine ta ce ya bari sai an gyara haƙorin. Ina wucewa ta kusa da Lonzo, yana durƙushe a ƙonanniyar ciyawarsa, gindin bokitin ko rufuwa bai yi ba, sai ya kama ƙafar wandona.

"Ka lura da wani abu?" ya ce a hankali, iska na fita ta gurbin haƙorin. "Duk faɗowar nan, ko ɗaya bai fashe ba. Ba ƙwaro, ba cuta, ba hankaka. Irin nan ba wanda yake da shi a duk Texas. In aka sami injin da zai iya fasa shi..."

"Lonzo," in ji Oma daga kujerarta, ba ta ko juyo ba. "Wannan maganar fikan ce?"

"Nan ba teburinki ba ne, Oma."

Ta auna maganar, domin mace ce mai adalci. Sannan ta dubi 'yarta.

"Nadine, je ki ɗauko teburin."